Mas'alar Kaurin Baƙin Mai a Lokacin Bazara

Idan bazara ta kama, daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai da Agadas, har sitiyarin motar da aka ajiye a rana ya gagari taɓawa, akwai wata fatawa da ta zama kamar ijma'i a garejojinmu: da zarar mai mota ya kawo ta juye, sai bakanike ya ce, "Alhaji, a zuba mata mai kauri, wannan zafin ruwa yake mayar da mai." Maganar tana da asali, domin babu shakka baƙin mai yana tsinkewa idan ya ji zafi, kamar yadda man shanu yake daskarewa da hunturu ya narke da bazara, amma hukuncin da aka gina a kanta bai hau kowace mota ba, kuma injuna da yawa sun tafi gyara saboda an yi musu ƙiyasi da injunan da ba irinsu ba.

Kafin a yanke hukunci, wajibi ne a san aikin da man yake yi. A cikin inji akwai ƙarafa masu juyawa sau dubbai a minti guda, fistin yana hawa da sauka, karanshaf yana juyawa a kan ƙananan ƙarafan da suke tallafe da shi, kuma abin da ya hana su cinye juna shi ne wani siririn shimfiɗen mai da yake shiga tsakaninsu, wanda sau da yawa bai kai kaurin silin gashi ba. Idan man ya cika tsinkewa, shimfiɗen ya yage, ƙarfe ya gogi ƙarfe. Idan kuwa ya cika kauri, famfo ya sha wahalar tura shi, man ya makara wajen isa lungunan da ake bukatarsa, ya kasa kwashe zafi da sauri, ya kuma sa motar shan fetur fiye da kima. Saboda haka abin nema shi ne matsakaicin kauri, gwargwadon yadda aka ƙera injin.

Lambobin da ake gani a jikin galan, irin su 5W-30 da 15W-40 da 20W-50, mizani ne na ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, SAE, wadda aka kafa a 1905, ta kuma fara rarraba mai bisa kaurinsa a 1911. Lambar farko, mai harafin W wanda yake alamar lokacin sanyi, tana nuna sauƙin kwararar man sa'ad da injin yake a sanyaye, kuma ƙanƙantarta ita ce alamar saurin gudunsa. Lamba ta biyu kuwa tana nuna kaurin man a digiri 100, wato kusan zafin da yake kaiwa idan mota tana tafiya. Da ma'aunin da ake kira santistok, mai lamba 30 yana tsakanin 9.3 da 12.5, mai lamba 40 tsakanin 12.5 da 16.3, mai lamba 50 kuma tsakanin 16.3 da 21.9. Fa'idar da za a ciro daga nan ita ce 5W-40 da 15W-40, duk da cewa na farkon ya fi tsinkewa idan an karkata galan ana zubawa, rukuninsu ɗaya ne da zarar injin ya ɗauki zafi. Wanda ya murza mai tsakanin yatsunsa a bakin gareji ya ce wannan ruwa ne, ya auna shi ne a yanayin da ba a nan zai yi aikinsa ba.

Hujja ta biyu a kan raunin fatawar ta fi wannan ƙarfi. Injin da ruwa yake sanyayawa yana da lagireto da fanka da tamostat, waɗanda aikinsu shi ne su riƙe zafin ruwan a wajajen digiri 90, ko motar tana Jos da asuba ko tana hanyar Nguru da azahar. Man kuma galibi yana zama tsakanin digiri 90 da 110. Zafin gari yana ƙara wani abu a kan haka, musamman a cunkoson titi da na'urar sanyaya ɗaki a kunne, amma ƙarin ba ya kai yadda jikin ɗan Adam yake raya masa, domin digiri 43 da yake jigata mutum sanyi ne ga injin da wuta take ci a cikinsa. Alal haƙiƙa, motar da take yawan zafi da bazara tana nuna illa ce a lagireton da ƙura ta toshe, ko fankar da ta gaza, ko ruwan da ya ragu, kuma mai kauri ba ya warkar da ko ɗaya daga cikinsu. Al'adar cire tamostat da sunan wai ƙasarmu ba ta sanyi ba ce ita ma kuskure ce, domin tana hana injin kai zafin da zai ƙone laima da ɗigon fetur da suke taruwa a cikin man.

Daga ina fatawar ta samo tushe? Daga zamanin Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, da sauran motocin tsararta, waɗanda aka ƙera su da sarari mai ɗan faɗi tsakanin ƙarafansu, kuma 20W-50 ya dace da su ƙwarai. Makanikan da suka koyi sana'a a kansu sun koya wa yaransu abin da suka jarraba ya yi kyau, ba su kuwa yi ƙarya ba. Sai dai motocin da ake shigowa da su yanzu ta Kwatano da Legas wata ƙira ce dabam. Corolla da Camry da Accord na shekarun baya-bayan nan, musamman waɗanda aka yi domin kasuwar Amurka, an rubuta musu 5W-30 ko 5W-20 ko 0W-20, sau da yawa a kan murfin da ake zuba man, kuma suna da tsarin da yake sauya lokacin buɗewar bawul ta hanyar matsin mai, kamar VVT-i na Toyota, wanda man yake bi ta ƙananan ramuka da rariya mai laushi kafin ya motsa shi. Idan aka ɗura wa irin wannan injin 20W-50, tsarin yakan yi nauyin amsawa, ana iya jin ƙara da safe, wani lokaci fitilar gargaɗi ta kama, mai motar kuma ya shiga sauya kayan da lafiyarsu ƙalau.

Duk da haka, akwai wuraren da ƙarin kauri yake halatta, har ma ya zama mustahabbi. Littafin mota da yawa yana ɗauke da jadawalin da ya jera nau'o'in mai gwargwadon zafin ƙasa, kuma idan ya ba da zaɓi tsakanin 30 da 40, mazaunin Sakkwato da yake doguwar tafiya da kaya yana da hujjar ɗaukar 40. Tsohon injin da ya ci hanya har sararin ƙarafansa ya buɗe, yana shan mai, fitilar mai tana ƙiftawa idan yana tsaye, shi ma yakan samu sauƙi idan aka hau mataki guda, ko da yake wannan jinkirta gyara ne kawai. Manyan motocin dizal galibi 15W-40 suke sha. Babura da A Daidaita Sahu kuwa, waɗanda akasarinsu iska ce take sanyaya injinsu, zafin gari yana taɓa mansu kai tsaye, shi ya sa masu ƙera su suke yawan rubuta 20W-40 ko 20W-50. Kuma babur ɗin da kulocinsa yake cikin mai yana bukatar man da yake da alamar JASO MA, domin man mota yana iya sa kulocin zamewa. Ƙa'idar dai ita ce a hau mataki ɗaya bisa izinin littafi ko larurar tsufa, kada a yi tsalle daga 20 zuwa 50.

Babbar ɓarnar da zafi yake yi wa mai ita ce tsufar da shi da wuri. Masana suna ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri 10 a zafin mai yana kusan ninka saurin lalacewarsa, sannan ga ƙurar hunturu da ta hanyoyin da ba kwalta, wadda take ratsa matatar iska idan ta tsufa ta gauraye da man. Bisa ga haka, masu ƙera motoci suna sanya ƙura da zafi da cunkoso a babin aiki mai tsanani, su kuma rage wa'adin juye, sau da yawa zuwa wajajen kilomita 5,000, tare da sauya matatar mai a kowane karo. Man da aka harhaɗa a masana'anta, wanda ake kira sintetik, ya fi jure zafi a kan na gargajiya ko da lambarsu ɗaya ce. Sai a duba tambarin API, cibiyar man fetur ta Amurka: harafin S na injin fetur ne, C na dizal, kuma SN na 2010 da SP na 2020 sun fi SL na 2001 kariya. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, wanda ba a san asalinsa ba, ba shi da lambar da za a dogara da ita, komai kaurinsa a ido.

Saboda haka, wanda bazara ta riske shi yana shirin juye, ya fara da karanta abin da aka rubuta a murfin injinsa ko a littafin motarsa, ya sayi man a rufe daga amintaccen dila, ya sa a wanke lagireto a duba fanka, ya riƙa zaro ma'aunin mai kowane mako da safe kafin ya tayar da mota. Idan bakanike ya ba shi shawarar ƙara kauri, ya tambaye shi dalili cikin ladabi. In dalilin tsufan inji ne ko nauyin kaya, ya karɓa, in kuwa zafin gari ne kaɗai, ya tsaya a kan abin da maƙerin motar ya rubuta.