Yadda Za A Tsara Kayan Binciken Littafi Mai Tsarki Da Ke Cikin Intanet

1. Gabatarwa

Mai bin tarihin rubutacciyar Hausa ta boko ba ya iya kauce wa fassarorin Littafi Mai Tsarki. J. F. Schön ya buga Linjilar Matiyu da Hausa a 1857, ya kuma fitar da Sabon Alkawari a 1880. Babban wanda ya ji harshen daga bakinsa shi ne Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram da ya bi Barth zuwa Ingila a 1855. Cikakken littafin ya fito a 1932, daga baya wasu fassarori suka biyo. Ke nan muna da matani guda da aka yi ta mayarwa cikin Hausa fiye da shekara 150, abin da ke ba mu damar auna sauyin kalmomi da na ƙa'idojin rubutu. Yau da yawa daga cikin waɗannan kaya suna intanet, amma a warwatse. Wannan maƙala tana bayanin yadda ya kamata a jera su.

2. Rabe-raben kaya

Ya dace a kasa su gida huɗu. Gida na farko shi ne hotunan littattafan hannu, kamar kundin Sina'i na ƙarni na 4, wanda aka haɗa ganyayensa a intanet a 2009, alhali takardun kansu suna rabe tsakanin Landan, Laifzig, San Fitasbag da gidan sufaye na dutsen Sina'i. Na biyu shi ne matanin Ibrananci da na Helenanci da masana suka tace. Na uku, fassarori. Na huɗu, kayan aiki irin su ƙamus da fihirisar kalmomi, misali ta James Strong ta 1890, wadda ta ba kowace kalmar asali lambarta. Amfanin rabon shi ne kada a ɗauki shaidar wani gida a aza ta bisa wani. Fassara shaida ce a kan Hausar mai fassara, ba a kan lafazin asali ba.

3. Katin shaida

Adireshin shafi ba ya isa zama shaida, domin shafuka suna ƙaura, suna kuma mutuwa. Kowane matani yana bukatar kati mai ɗauke da sunan fassara, shekarar bugu, maɗaba'a, irin rubutu (boko ko ajami), mai haƙƙin mallaka, da ranar da aka kwafo shi. Sau da yawa shafi yakan rubuta sunan littafin kawai ba shekara. Wanda ya ciro kalma daga nan ya jingina ta ga 1932, alhali daga sabon bugu take, ya sa kuskuren shekaru masu yawa cikin ƙamus, kuma masu zuwa bayansa za su gāje shi.

4. Lambobin surori da ayoyi

Rabon surori da ake bi yau ana danganta shi ga Stephen Langton, farkon ƙarni na 13. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa Robert Estienne ya sa su a 1551. Su ne ke sa a iya jera fassara biyu aya da aya. Sai dai ƙidayar ba ɗaya ba ce ko'ina: littafin Malakai sura 3 ne a bugun Ibrananci, 4 a yawancin fassarorin Ingilishi, kuma lambobin Zabura na tsohuwar fassarar Helenanci sun saɓa da na Ibrananci. In kati bai faɗi ƙidayar da aka bi ba, kwamfuta za ta gwama ayoyin da ba su da dangantaka.

5. Matsalar haruffa

Schön bai rarrabe k da ƙ ba, ko d da ɗ. A yau ma wasu shafuka suna zubar da lanƙwasa, har "ƙafa" ta koma "kafa". Ga kuma bambancin ƴ ta Nijar da 'y ta Nijeriya. Mai neman "ƴaƴa" cikin matanin da aka buga a Nijeriya zai tashi hannu wofi, ya zaci kalmar babu ita. Maganin wannan shi ne ajiye kwafi biyu: ɗaya yadda aka buga shi, ba a taɓa ko ɗigo ba, ɗaya kuma an daidaita shi da ƙa'idar yau domin nema.

6. Kammalawa

Ga masu shirin yaƙi da jahilci akwai gargaɗi guda. Hausar fassara tana ɗauke da inuwar harshen da aka fassaro, kuma ta fi karkata ga karin Kano. Kafin a ɗebi jerin kalmomi daga cikinta domin littattafan karatu na Tawa ko Maraɗi, wajibi ne a gwada shi da maganar mutanen wurin. Katin da aka cika da kyau shi ne zai nuna wa mai wannan aiki inda kowace kalma ta fito, da shekarar da aka rubuta ta.