Kwamfutoci goma, memori ɗaya: dabarar da nisa ya hana ruwa gudu

Duk sanda na ji wani ya ce a haɗa ƙananan kwamfutoci goma su yi aikin babba ɗaya, sai Kai Li ya faɗo mini a rai. A 1986, yana kammala digirin dakta a Jami'ar Yale ta Amurka, ya fito da wani tsari mai suna IVY. Na'urori ne daban-daban a kan layin sadarwa ɗaya, kowacce da memorinta, amma mai rubuta manhaja yana ganin kamar memori ɗaya ce babba. An ɗauke masa wahalar "aika wannan, karɓo wancan".

Memorin ana yanka ta shafi-shafi (a yawancin na'urorin yau, shafi bayit 4096 ne). In na'ura ta nemi shafin da ba ya wurinta, aiki ya ɗan dakata, a ɗauko mata daga maƙwabciya. Karatu ba matsala, kowacce na iya riƙe kwafi. Rubutu ne rigima: kafin ɗaya ta canza ko da lamba guda, sai an soke kwafin sauran.

Ka ɗauka yara biyu ne a shaguna biyu, littafin bashi ɗaya. Wannan yana rubutu a saman shafi, wancan a ƙasa, ba ruwan wani da lissafin wani. Amma tunda shafin ɗaya ne, ɗan aike sai zirga-zirga yake da littafi, masu saye na tsaye. To haka na'urorin ke yi. Memorin cikin gida kan amsa cikin kimanin nanosakan 100, ta wayar wancan zamani kuwa sai a ninka jiran sau dubbai.

A 1994 masana a Jami'ar Rice suka kawo TreadMarks: kowacce ta yi rubutu a kwafinta, sai lokacin daidaita aiki a aika abin da ya canza kaɗai. An samu sauƙi sosai. Sai dai a shekarar ce aka fitar da ƙa'idar MPI, inda mai manhaja da kansa yake tsara kowane saƙo, kuma ita ta ci kasuwa. Manyan kwamfutocin hasashen yanayi da ita suke aiki har yau. Ni dai ban ga laifinsu ba. Akwai wahala kam, amma mutum ya san abin da kowane saƙo zai ci masa.

Tunanin bai mutu ba. Fasahar CXL, wadda ta fito a 2019, ta kai ga barin na'urori da dama su ɗebi memori daga rumbu ɗaya, amma fa suna jere kusa da juna, da gajeriyar waya.