Zazzaɓi ya sauka, magani bai ƙare ba

A daminar bara, cikin watan Agusta, lokacin da ruwa ya kwanta a lungunan Paris-Congo sauro ya yi mana sansani, ɗana na fari ya kwanta da zazzaɓi. Shekararsa bakwai. Muka kai shi asibiti, aka soki yatsarsa aka gwada jini, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, wanda muke ce wa palu. Likita ya ɗora shi a kan sikeli, sannan ya rubuta Coartem: ƙwaya biyu a kowane sha, sau shida cikin kwana uku.

Ya sha sau uku. Rana ta biyu da la'asar sai ga yaro a ƙofar gida yana buga ƙwallo. Ni da bakina na ce wa uwarsa, "Ajiye sauran tunda ya warke, wata rana ƙaninsa zai buƙata." Ba a yi mako biyu ba zazzaɓin ya dawo, da amai da rawar ɗari. Kwana uku muka yi a gadon asibiti ana yi masa allura da ƙarin ruwa. Da na faɗa wa ma'aikaciyar jinya abin da na yi, sai ta dube ni ta ce, "Malam, har da kai?" Wallahi na ji kunya. Ni ne fa maƙwabta ke kawo wa takardar likita in karanta musu Faransancin da ke ciki.

A nan aka yi mini bayanin da ban taɓa nema ba. Magani biyu ne a cikin Coartem. Na farko, artemether, yana kashe yawancin ƙwayoyin cutar da sauri, shi ya sa jiki ke yin sanyi tun ranar farko, amma cikin 'yan awanni yake barin jini. Na biyu, lumefantrine, shi ke daɗewa ya share ragowar. Wanda ya tsaya a rabi ya bar ragowar da rai. Tsarin shan kuwa haka yake: sha na farko, na biyu bayan awa 8, sannan safe da yamma a rana ta biyu da ta uku. Ana so a sha da madara ko abinci mai maiƙo, don jiki ya fi karɓarsa. In yaro ya amayar da shi cikin awa ɗaya, sai a sake ba shi, a koma a karɓo cikon abin da ya ragu. Yawan ƙwaya kuma da nauyin jiki ake auna shi: daga kilo 5 zuwa 14 ƙwaya ɗaya, 15 zuwa 24 biyu, 25 zuwa 34 uku, daga 35 zuwa sama huɗu. Ashe ko da na ajiye wa ƙanin nasa, ba awonsa ba ne.

Iyayenmu sun san Nivaquine, wadda ta yi shekaru tana aiki kafin cutar ta saba da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa a Ruwanda da Uganda da Eritriya cutar ta fara jure wa irin maganin da muke sha yanzu. Shan rabin magani na cikin abubuwan da ke taimaka mata.

Ba palu kaɗai ba. In aka rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su amoxicilline "sau uku a rana", ana nufin kusan kowace awa 8, misali shida na safe, biyu na rana, goma na dare. Cokalin shayi da likita ke nufi a maganin ruwa na yara mililita 5 ne, babban cokali 15, alhali cokulan gidajenmu kowanne da girmansa. A yi amfani da ma'aunin da ya zo cikin kwali. Haka maganin rigakafin palu da ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 da damina: ma'aikaci ne ke ba da na ranar farko, na rana ta biyu da ta uku yana hannun iyaye. Su kuwa masu tallar magani a bakin kasuwa, da ake kira dokta cuku, ƙwaya biyu ko uku za su yanko maka gwargwadon kuɗinka, ba sikeli ba gwajin jini.

Yanzu ba na barin farmasi sai na yi tambaya uku: ƙwaya nawa, ƙarfe nawa, har kwana nawa? In rubuta amsar a jikin kwali da biro, in sa ƙararrawa a waya. Kowane sha aka yi, yaron da kansa yake jan layi a kan kwalin, kamar yadda nake kiran suna a aji. Sai layi ya cika shida muke jefar da kwali.