Waƙoƙi Masu Labari: Guzurin Da Iyayenmu Suka Zo Da Shi Zango

Duk wanda ya tashi a zangon Kumasi ko na Ankara a zamanin da akwatin rediyo yake da daraja, ba zai manta da yadda dattawa kan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida bayan sallar lisha ba, ana ta murɗa rediyo ana neman Kaduna, in ta ƙi kamuwa sai a ɗauko rikoda a sa kaset. Mu yara a wancan lokaci kiɗan ne yake jawo mu wurin, amma abin da kan zaunar da mu har waƙa ta ƙare shi ne labarin da ke cikinta. In waƙar yabo ce zalla, kafin a kai rabi mun watse wurin wasa. In kuwa mai labari ce, to ko an aike mu sayen sukari sai mun yi ta noƙewa, don kada ƙarshen ya wuce mu.

Masana adabi sun kasa waƙoƙin baka na Hausa kashi-kashi, akwai na fada, da na sana'a, da na maza, da na jama'a. A wannan wata ba wannan rabe-raben za mu bi ba. Za mu ɗan waiwayi wasu waƙoƙi ne da mutanen zango suka daɗe suna ƙauna saboda labarin da suke ɗauke da shi, sa'an nan mu duba abin da za mu yi asara in muka bari suka bi tsofaffinmu kushewa.

Mutum ɗaya, muryoyi da yawa

In ana maganar waƙa mai labari, da wuya a fara da wani ba marigayi Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos ba. An haife shi a Bukuru kusa da Jos a 1946, iyayensa suka rasu tun yana ƙarami, daga nan ya sami wannan suna. Ya rasu a watan Yuni na 2015. Kayan kiɗansa ba su wuce kuntigi ba, ɗan ƙaramin abu mai tsirkiya ɗaya, wanda akan yi da gwangwanin kifi a rufe shi da fatar akuya. Ba shi da 'yan amshi, ba shi da makaɗa a bayansa, shi kaɗai yake kiɗinsa yake waƙarsa.

Waƙar da ta fara fito da shi ita ce ta Karen Mota, wato yaron direba, wanda a tasharmu ta nan muke kira met. Sauran mawaƙa suna fada suna wasa sarakuna da attajirai, shi kuwa sai ya juya ga yaron da ke loda fasinja, ya canja taya, ya tura mota in ta mutu a hanya. Ba abin mamaki ba ne da waƙar ta karɓu a zango, domin gidaje nawa ne a Aboabo ko Nima da ba su da ɗa ko ƙane a tashar trotro?

Amma wadda ni na fi so ita ce Gulma Wuya. Labari ne na yadda masu gulma a unguwa kan haɗa baki da boka su shiga tsakanin miji da mata har aure ya mutu. Abin sha'awa, Ɗan Maraya ya mai da waƙar tamkar wasan kwaikwayo, yana sauya murya yana kwaikwayon kowane mutum da ke cikin labarin, har mai sauraro ya ɗauka mutane da yawa ne a gaban na'ura. Na sha ganin iyayenmu mata suna daka suna sauraro, in an zo wani wuri sai su dubi juna su tuntsire da dariya, don kowace ta san wadda waƙar ta yi kama da ita a cikin gidan hayarmu. Ba a kira sunan kowa ba, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wa'azin da liman zai yi awa guda yana yi a kan annamimanci, Ɗan Maraya ya gama shi da tsirkiya ɗaya, kuma ba wanda ya yi gyangyaɗi.

Filin dambe a cikin kaset

Mahautan zango kuwa nasu gwanin daban ne. Tun asali dambe wasan mahauta ne a ƙasar Hausa, akan yi shi da kaka bayan an kawar da amfanin gona, 'yan dambe su riƙa bin gari-gari suna neman abokin karawa. Muhammadu Bawa Ɗan Anace, mutumin ƙasar Sakkwato, shi ne ya yi fice wajen waƙar waɗannan mazaje, kuma waƙarsa ta Shago ita ce aka fi sani. A cikinta ana jin sunayen garuruwa da na abokan karawa, ana jin yadda fili ya cika, da yadda aka shiga, da yadda aka tashi. Wanda bai taɓa taka ƙasar Sakkwato ko Zamfara ba, in ya saurara da kyau sai ya ga kamar yana tsaye a bakin fili ƙura tana tashi.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, fataucin goro ya kawo kakansa wannan ƙasa, shi kansa kuma sau biyu kacal ya je Arewa a rayuwarsa. Duk da haka yakan jera garuruwan Zamfara kamar wanda aka haifa a can, kuma da na tambaye shi inda ya san su, sai ya nuna mini kwalin da yake tara kaset-kaset ɗinsa a ƙarƙashin gado.

Shata da shekarar 1969

Ba a yin zancen waƙar Hausa a tsallake Alhaji Mamman Shata Katsina, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba digirin girmamawa a 1988, ya kuma rasu a watan Yuni na 1999. Yawancin waƙoƙinsa na yabo ne, amma Shata mutum ne mai yawon duniya, abin da ya gani ko ya ji ba ya barinsa ya wuce. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a watan Yuli na 1969, sai ga Shata da kalangunsa ya yi waƙar Kumbo Apollo 11. Mutane da yawa da ba sa karanta jarida, a bakin Shata sunan wannan kumbo ya zauna musu.

Mu mutanen Gana wannan suna yana tuna mana da wasu abubuwa biyu. Na farko, a shekarar ce ciwon idon nan mai yaɗuwa ya ɓulla a ƙasar nan, jama'a suka laƙaba masa Apolo, sunan da har yau bai sake shi ba. Na biyu, a ranar 18 ga Nuwamba na wannan shekara ce gwamnatin Busia ta kafa dokar korar baƙi, aka ba duk wanda ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Zanguna suka girgiza, aka sayar da gidaje da rumfunan kasuwa a wulaƙance, aka raba 'yan'uwa. Saboda haka in tsohon ɗan zango ya ji wannan waƙa ya yi shiru, ba lalle wata yake tunani ba, wataƙila maƙwabcinsa ne da ya hau babbar mota bai sake dawowa ba. Haka waƙa take, bayan labarin da mawaƙi ya zuba a ciki, akwai wanda mai sauraro ya ɗora mata.

Namu na gida

Kada mai karatu ya ɗauka duk waƙa mai labari daga Nijeriya aka kawo mana ita. A wannan ƙasa tamu aka yi ɗaya daga cikin manyan marubuta waƙar Hausa, wato Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda wasu ke kira Malam Umaru Salaga. A Kano aka haife shi wajen 1858, ya biyo hanyar fataken Gwanja ya zauna a Salaga, kasuwar goro mafi girma a wancan zamani. Bayan yaƙin basasar da ya tarwatsa Salaga a 1892, ya koma Kete-Krachi, ya zama limami da malami a can har ya rasu a 1934.

Malam Umaru ya yi waƙoƙi da Larabci da kuma Hausa cikin ajami, kuma irin waɗannan rubutattun waƙoƙi rera su ake yi, ba karantawa a zuci ba. A Waƙar Nasara ya ba da labarin zuwan Turawa, da yadda suka bi ƙasashe da sarakuna ɗaya bayan ɗaya suna cinyewa, labarin wanda abin ya faru a kan idonsa. A Waƙar Talauci da Wadata kuwa ya zana yadda duniya take yi wa matalauci da yadda take yi wa mai dukiya, ko da kuwa matalaucin ne mai gaskiya. An tattara rubuce-rubucensa da dama a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon, kuma Turawa masu bincike sun fassara wasu sun buga. Tsohon garin Kete-Krachi kansa ruwan tafkin Volta ya shanye shi bayan gina madatsar Akosombo, amma waƙoƙin suna nan. Abin kunya gare mu shi ne, ɗalibi daga Turai yakan zo Legon takanas don ya karanta Malam Umaru, alhali yaron Nima da ke da tafiyar 'yan mintoci a mota zuwa can bai taɓa jin sunansa ba.

Maƙwabtanmu ma sun san daɗin abin

Masu masaukinmu Tonawa su ma gwanaye ne a wannan fage, don tatsuniyoyin Ananse, gizonsu, sun shiga cikin kiɗan haylayif tun da daɗewa. Wanda ya fi shahara shi ne marigayi Nana Kwame Ampadu, shugaban ƙungiyar African Brothers, wanda ya rasu a 2021. A waƙarsa Ebi Te Yie ta 1967, ya ba da labarin taron namun daji, inda damisa ta zauna a bayan gada ta danne ta da farce, gada ta rasa yadda za ta yi, daga ƙarshe ta roƙi a ɗage taron domin ba kowa ne ya sami zama mai daɗi ba. Lokacin mulkin soja ne, kowa ya gane inda aka dosa, har aka hana sa waƙar a rediyo na wani lokaci. Bahaushe zai ce wannan habaici ne, kuma ɗan zango da ya tashi da Hausa da Tonanci a baki ɗaya ya ci riba biyu, ya ji na Ɗan Maraya ya ji na Ampadu.

Abin da ke neman kuɓuce mana

Alhamdu lillahi, Hausa ba ta mutu a zango ba, har waɗanda ba Hausawa ba da ita suke ciniki da zumunci. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, Hausar kasuwa daban, Hausa mai zurfi daban. Yaranmu da yawa ba sa bambanta "ya zo" da "ta zo", karin magana kuwa sai ɗaiɗai.

Kwanakin baya na sa wa jikana waƙar dambe a waya. Yana ji ana ambaton kisa sai ya zaro ido, ya ce mini, "Kaka, ashe kashe mutane ake yi a wasan?" Na yi dariya na bayyana masa cewa a dambe in ka kai abokin karawarka ƙasa shi ne ka kashe shi, zai tashi ya kaɗe jikinsa ya tafi gida. Daga nan tambaya ta haifi tambaya. Na gaya masa hannun da ake naɗewa da zare shi ne na bugu, ɗayan kuma na kariya. Waƙar 'yan mintoci ta kai mu har kiran sallar magariba. Akwai kuma kalmomin Sakkwatanci biyu da ya tambaye ni na kasa, kuma wanda zai iya fassara mini su, wato mahaifina, ba ya duniya. A ranar na san cewa ni ma an fara yi mini sata ban sani ba.

Nan ne amfanin waƙa mai labari yake. Waƙar rawa ko ba ka jin harshen za ka taka, amma mai labari sai ka ji abin da ake faɗi, in ba ka ji ba dole ka tambaya, don ranka yana son ya san ƙarshe. A wancan zamani kaset ne yake wuya, sai an yi sautu wurin direbobin da ke zuwa Legas ko Kano, masu fassara kuwa ga su nan a kowane zaure. Yau kuwa waƙoƙin sun cika intanet, yaro zai same su a YouTube cikin ƙiftawar ido, masu fassarar ne suke ƙarewa.

Don haka muna kira ga iyaye, a riƙa zama da yara ko da sau ɗaya a mako a saurari waƙa guda, a tsayar da ita a bayyana musu. Wanda yake da tsofaffin kaset-kaset a gida kada ya bari damina ta cinye su, ya kai a juye masa su a waya ko kwamfuta. Matasanmu masu waƙa a Nima da Asawase da Tamale kuma, ga labarai nan jibge a bakin tsofaffi: tafiyar fataken goro, da korar 1969, da dawowar 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya da Nijeriya ta koro a 1983. Malam Umaru ya waƙe abin da ya gani a zamaninsa, shi ya sa muke da shi a yau. Ku ma ku je ku durƙusa gaban kakanninku ku ji, tun suna da sauran numfashi.

Mai karatu, wace waƙa mai labari ce ta fi zauna maka a rai, kuma a bakin wa ka fara jin fassararta? A rubuto wa wannan fili, za mu buga a fitowa ta gaba in Allah Ya yarda. Allah Ya jiƙan mawaƙanmu da malamanmu da iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya kyautata namu zuwan, amin.