Auna Ayyukan Ƙungiyoyin Masana Harsunan Nijeriya Bisa Ma'aunin Manufofinsu

1.0 Gabatarwa

Al'ada ce ga ƙungiyoyin masana harshe a ƙasar nan, idan shekara ta kewayo, a kira babban taro, a gabatar da takardu, sakatare ya karanta rahoto. Galibi rahoton yakan ƙidaya tarurrukan da aka yi, da yawan mahalarta, da mujallun da aka buga. Duk waɗannan ayyuka ne, amma ba domin su aka kafa ƙungiyar ba. Hausawa kan ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Abin tambaya shi ne ko ayyukan sun kai ƙungiyar inda tsarin mulkinta ya ce za ta. Wannan maƙala za ta dubi yadda ya kamata a yi wannan awo.

2.0 Misalin Keɓaɓɓun Kalmomi

Babu aikin da ya fi dacewa da wannan nazari kamar na samar da keɓaɓɓun kalmomi. Manufarsa a fayyace take, wato a koyar da harshe da adabinsa cikin harshen kansa har zuwa jami'a, ba cikin Ingilishi ba. A kan haka aka buga juzu'i na farko na Yoruba Metalanguage a 1984, wanda Ayo Bamgbose ya tace, na biyu kuma a 1990 a ƙarƙashin Oladele Awobuluyi. A 1990 ɗin ne kuma Hausa Metalanguage ya fito, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace.

Idan da ma'aunin rahoton sakatare za a yi amfani, da fitowar littafin magana ta ƙare. Amma littafi hanya ce kawai. Ma'aunin gaskiya yana cikin ajin karatu da ɗakin jarrabawa. Ya kamata mai awo ya ɗauki kundayen digiri na sassan Hausa na wasu shekaru kafin 1990 da na bayanta, ya ƙidaya nawa aka rubuta da Hausa. Sannan ya bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun zauna daram, kamar tsarin sauti da ƙirar kalma da ginin jimla, har ɗalibi ba ya jin cewa ƙirƙirarsu aka yi. Wasu kuwa suna da kishiyoyi, wannan jami'a na amfani da ɗaya, waccan na amfani da wata. Kalmar da ke cikin ƙamus amma babu malamin da ke furta ta, ba za a sa ta cikin lissafin nasara ba. Hasali ma, yawan kalmomin da aka ƙirƙira na iya ɓoye gazawa, domin ƙirƙira ta fi yaɗawa sauƙi da araha.

3.0 Manufar da ba ta Hannun Ƙungiya

Wata matsalar ita ce wasu manufofin sun fi ƙarfin ƙungiya. Tsarin Ilimi na Ƙasa na 1977 ya tanadi koyarwa da harshen uwa ko na muhalli a farkon firamare. A Nuwamba 2022 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince a faɗaɗa wannan zuwa shekara shida, kamar yadda gwajin Ife na Babs Fafunwa, wanda aka fara a 1970, ya nuna yana yiwuwa. A Nuwamba 2025 kuma Ministan Ilimi ya ba da sanarwar soke tsarin. Ba adalci ba ne a jingina wa masana alhakin soke shi, kamar yadda ba daidai ba ne su ci tukwicin amincewa da shi su kaɗai. Abin da za a tuhume su a kai shi ne nasu rabon: ko sun tanadi ƙa'idojin rubutu da littattafai, ko sun horar da malamai, ko kuma sun riƙe hujjojin bincike da za su kare tsarin a gaban hukuma.

Akwai kuma ma'aunin da ba safai ake rubuta shi cikin manufofi ba, wato ɗorewa. F. C. Ogbalu ya kafa ƙungiyar SPILC a 1949 domin haɓaka harshe da al'adun Igbo, kuma ta taka babbar rawa wajen daidaita harshen da buga littattafai. Sai dai yawancin nauyinta a kafaɗarsa yake, saboda haka bayan rasuwarsa a 1990 ayyukanta suka ja baya. Rahoton kowace shekara a zamaninsa zai iya nuna ci gaba, alhali raunin na nan a ƙasa. Da mai awo ya tambayi daga ina kuɗin shiga ke zuwa, da wa ke riƙe da madaba'a, da wa aka shirya ya gaji shugaba, da ya hango shi tun da wuri.