'Yan gidan Mills, mawaƙan da bakinsu ya zama kayan kiɗa

Duk wanda ya sayi faifan garmaho na Mills Brothers a farkon shekarun 1930 zai tarar da sanarwa a jikinsa, cewa ban da jita guda ɗaya babu wani abin kiɗa a ciki. Dole ce ta sa kamfanin ya rubuta haka, don masu sauraro kan rantse sun ji ana busa ƙaho. Alhali bakin samari huɗu ne kawai, uwa ɗaya uba ɗaya: John, Herbert, Harry da Donald.

A garin Piqua na jihar Ohio ta Amurka aka haife su. Mahaifinsu mai shagon aski ne, shi ma mawaƙi, kuma a ƙofar shagon yaran suka fara tara jama'a bayan an tashi daga makaranta. Ana ba da labarin cewa wata rana a wurin gasa Harry ya manta ɗan abin busarsa, sai ya dunƙule hannu a baki ya kwaikwayi ƙarar begila. Daga nan kowa ya ɗauki abin kiɗan da zai kwaikwaya. John, babban wansu, yana kaɗa jita yana fitar da amon babban ƙaho daga maƙogwaro, ƙannen suna ɗora nasu sautin a kai.

Gidan rediyon WLW na Cincinnati ne ya fara fito da su, sannan CBS ta New York ta ɗauke su. A zamanin da ake hana baƙar fata kwana a otal-otal da dama, wannan ba ƙaramin abu ba ne: sun zama baƙaƙen fata na farko da suka samu shirinsu na kansu a rediyon da ake ji a faɗin ƙasar. Waƙarsu "Tiger Rag" ta 1931 ta yi kasuwa sosai, kuma a 1934 suka yi wasa a gaban Sarkin Ingila George na Biyar.

Ana cikin haka, a 1936, ciwon huhu ya yi ajalin John. Ƙannen suka yi niyyar ajiye waƙa, amma mahaifinsu ya bar askinsa ya tsaya a gurbin ɗansa, ya kuma riƙe wurin kusan shekara ashirin.

Da shi suka yi "Paper Doll", wadda ta shafe mako 12 tana kan gaba daga ƙarshen 1943 zuwa farkon 1944. A lokacin sun rage kwaikwayon kayan kiɗa, sun koma ga tsantsar haɗa murya, kuma a nan ne gwanintarsu ta fi fitowa, don da wuya kunne ya raba muryar wannan da ta wancan. "Glow Worm" ta biyo baya a 1952. Bayan tsohon ya yi ritaya, su ukun suka ci gaba, har "Cab Driver" ta samu karɓuwa a 1968, lokacin da kiɗan matasa ya riga ya ture yawancin sa'o'insu. Harry ya rasu a 1982, Herbert a 1989. Donald ya ci gaba da hawa dandamali tare da ɗansa John har zuwa rasuwarsa a 1999.