Shekara huɗu kafin farar riga: abin da gashin tsuntsun gal ke faɗa game da shekarunsa

A lokacin hunturu, wanda ya tsaya a gaɓar tekun Legas ko bakin Tafkin Chadi yana iya cin karo da garken wasu manyan tsuntsayen ruwa da ake kira gal. Wasu farare ne tas, masu baƙin baya da rawayan baki mai ɗigon ja. Wasu kuwa ruwan ƙasa ne, dabbare-dabbare, bakinsu baƙi. Mai kallo zai rantse jinsi biyu ne, alhali iyaye ne da 'ya'yansu: gal mai baƙin baya, wanda masana ke kira Larus fuscus, baƙon da ke zuwa daga Turai.

Manyan tsuntsayen gal sukan shafe kimanin shekara huɗu kafin su yi kamannin iyayensu. Ƙananan jinsi, irin su gal mai baƙin kai, shekara biyu ta ishe su. Tun 1925 masanin Amurka Jonathan Dwight ya wallafa dogon nazari a kan waɗannan matakai, sannan littafin Peter Grant na Birtaniya, wanda ya fito a 1982, ya sauƙaƙa wa masu kallon tsuntsaye gane su.

Asalin lamarin shi ne, gashin tsuntsu kamar farce yake: da zarar ya gama fitowa, ba ya gyaruwa. Rana tana koɗar da shi, iska da rairayi suna cinye bakinsa, don haka dole a zubar a sake.

Ɗan gal yana barin sheƙa da gashi sabo fil. Bayan 'yan watanni sai ya sauya na kai da jiki da kafaɗa, amma ya riƙe na fukafukai da jela. Da waɗannan yake yin doguwar tafiyarsa ta farko. Sai ya kusa cika shekara yake fara sauya gashinsa baki ɗaya. Dogayen gasu goma da ke ƙarshen kowane fiffike suna faɗuwa bi da bi, daga na ciki zuwa na waje, cikin watanni, ta yadda tashi ba ya gagarar sa. Da kowane sauyi duhun baya yana ƙaruwa, baƙin zanen jela yana raguwa, baki yana komawa rawaya.

Waɗanda ke hayayyafa a yankin Tekun Baltik suna da nasu tsari. Da yake tafiyarsu tana kai su har Tafkin Biktoriya a gabashin Afirka, sukan jinkirta yawancin sauyin sai sun sauka, kuma wasu 'yan shekarar farko kan sabunta fukafukansu tun a hunturun farko. Da yawa daga cikin matasan ma ba sa komawa Turai a wannan shekara, sai su zauna a Afirka.

Amfanin wannan sani ya wuce sha'awar kallo. Gal ba ya fara hayayyafa sai ya kai wajen shekara huɗu, kuma yana iya haura shekara 20 a raye. Saboda haka garke yana iya cika da manya tsawon shekaru, alhali 'ya'ya suna ƙarewa ba a lura ba. A ƙasar Finlan, inda yawan wannan tsuntsu ya ragu matuƙa, masu bincike sun samu ragowar maganin ƙwari na DDT a jikin 'ya'yan da suka mutu, suka kuma danganta shi da wuraren da iyayen ke yin hunturu a Afirka.

Shi ya sa masu ƙidayar tsuntsaye ba sa tsayawa ga jimilla. Suna ware 'yan shekara ɗaya da biyu da uku, domin yawan masu ruwan ƙasa a garken bana shi ke nuna yawan fararen da za su yi sheƙa nan da 'yan shekaru.